Filafili Na Tara

Yanzu na zo kan shekarar da nake ta kewayewa tun da na fara wannan rubutu. Sau uku ina fara ta ina yage takardar. Innarku ta ce in na ƙara yage wata za ta ɓoye biron, don haka zan rubuta ta yadda ta zo mini. In akwai kuskure Allah Ya yafe mini, ku ma ku yafe. Ita ce shekarar da rawanin Sarkin Jirgi ya bar gidanmu ya koma gidan Manu. Na san abin da kuka ji a gari, wai ni na kayar da yayana. Na san kuma manyan cikinku suna tuna shekara uku da ba a aike su gidan Baffa Ɗantani da tuwon salla ba, kuma ba wanda ya faɗa musu dalili. Ga dalilin.

Kafin a tare Kwara a yi tafki, mu mutanen Gungun Marke ne, tsibiri a tsakiyar ruwa. Ba a shiga garinmu ba a fita sai ta jirgi, saboda haka duk wanda ke riƙe da fito yana riƙe da ran gari. Shi ne Sarkin Jirgi. Ba babbar sarauta ba ce, kada ku je kuna cika baki a makaranta. Yana ƙarƙashin dagaci, hakimi ne ke naɗa shi. Amma shi ke duban ruwa ya ce yau a ƙetare ko kada a ƙetare. Shi ke kai amarya, shi ke kai gawa, in jirgi ya kife shi ke fara faɗawa ruwa. Gida biyu ne ke da gadonta, namu da na Manu, don kakanninmu wa da ƙane ne, 'ya'yan Sarkin Jirgi na farko. Akwai kuma al'ada guda biyu da ke tafe da rawanin. Ta farko, duk wanda aka naɗa sai ya sassaƙa filafili da hannunsa, ya yi tuƙi da shi iyakar ransa, in ya rasu a soke shi a rufin zaure tare da na magabata. Ta biyu, ranar naɗi tsohuwar gida ce ke tashi ta jero sunayen waɗanda suka riƙe sarautar, daga na farko har na ƙarshe. Da aka tashe mu daga gungu aka kawo mu sabon gari a bakin tafki, Baba bai damu da gado ko tukunya ba. Filafilan nan ya ɗaure da igiya ya rungumo. Gidan da aka gina mana ba shi da zaure, sai da ya gina na ƙasa a gabansa don kawai ya sami inda zai rataye su. Haka suka zauna a ɗaure shekara da shekaru, ba mai kwancewa.

Baba ya rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Ni lokacin ina da shagon ɗinki a Yelwa, da mata da 'ya'ya huɗu. Yaya Ɗantani shi ne babba, shi ne kuma mutumin ruwa na gaske, yana da jirgi mai inji yana kai mutane kasuwannin bakin tafki. Ba wanda ya yi shakkar shi zai gaji Baba. Ni kaina tun kafin sadakar arba'in na yanko farin yadi na fara ɗinka masa babbar rigar naɗi. Sai saƙo ya zo daga hakimi cewa yanzu zamani ya canza, ba a tsayawa ga baki kawai, kowane gida ya kawo tarihinsa a rubuce. A gidanmu ni kaɗai na gama firamare. Aka ce, Labbo, ɗauko littafi ka je wurin Gwaggo Kulu.

Gwaggo Kulu yayar Baba ce, ita ce tsohuwar gida. Idonta ya yi rauni amma bakinta bai yi ba. Na same ta da hantsi ta sa an sauko da filafilan an baje a tabarma, tana shafa musu man kaɗe ɗaya bayan ɗaya. Na zauna na buɗe littafi, ta jero sunaye ina rubutawa, har ta zo kan Jibo, sai Audi kakanmu, sai Baba. Na ƙirga, takwas. Kun san halina, ni ne mai komawa ya taɓa kwaɗon shago sau uku bayan na kulle. Sai idona ya koma kan tabarma, na ƙirga filafilai. Na sake ƙirgawa daga wancan gefen. Na tashi na taɓa kowanne da yatsa.

"Gwaggo, sunaye nawa kika ba ni?"

"Takwas. Kunnenka ya toshe?"

"Filafilai tara ne."

"To, boko ya yi rana, Labbo ya iya ƙirga," in ji ta. "Rubuta abin da nib ba ka ka tashi."

Na tara ɗin ba ya ɓuya. Sauran dogaye ne miƙaƙƙu, santsi kamar an lashe. Shi kuwa gajere ne, bakinsa ya fi faɗi ta gefe ɗaya, mariƙinsa a lanƙwashe kamar ƙotar fartanya. Wanda ya sassaƙa shi ba a ruwa aka haife shi ba. Na lura kuma shi Gwaggo ta fi daɗewa tana shafawa. Na koma Yelwa da sunaye takwas a littafi da filafili tara a kai. Kwana biyu ina ɗinka hannun riga a baibai ina farkewa. Innarku ta ce, ko ka koma ka tambaya, ko ka bar mana gidan mu huta da tsakinka. Rana ta uku na koma.

Na tarar da Gwaggo a bayan ɗaki tana juya kifi a kan banda. Ba ta juyo ba ta ce, "Na san za ka dawo. Tun kana ɗan yaye in anka ba ka ƙosai sai ka ƙirga. Ruhe littahin ga tukuna."

Na rufe. Ga abin da ta faɗa mini, na kuma yi ƙoƙari ban ƙara ko kalma ba. A zamanin Sarkin Jirgi Jibo wani saurayi ya gangaro daga tudu, daga ƙauyukan Kambari na bayan Ngaski, ya zo aikin rani a gonakin albasa na gungu. Bai iya ruwa ba, ranar farko ma kwance ya yi a cikin jirgi ya rufe ido har aka ƙetare. Jibo ya ji daɗin gaskiyarsa ya riƙe shi a gida, ya koya masa tuƙi. Mutane suna ce masa Na-Tudu. Sai cutar agana ta shigo gungu ta ɗauke Jibo da ƙannensa biyu a wata guda. Ba namiji babba da ya rage a gidanmu, sai matar Jibo da ƙaramin ciki. A gidan Manu ma abin da ya rage tsofaffi ne da yara. Gari ba ya kwana ba mai duban ruwa, sai dattawa suka ɗora wa Na-Tudu rawani, ya karɓa bisa sharaɗin riƙo yake yi wa abin da ke cikin nan, in namiji ne. Aka haifi namiji, aka sa masa Audi, don bai tarar da ubansa ba. Bayan an yaye shi, Na-Tudu ya auri uwar don ya sami damar renonsa a gida ɗaya. Shi ya goya Audi, shi ya koya masa duban ruwa da abin da Jibo ya koya masa. Ranar da Audi ya ƙetare Kwara shi kaɗai da cikar ruwa, Na-Tudu ya tara dattawa ya cire rawani ya ba su. Matar ta riga ta rasu, ba su haihu ba. Ya ɗauki sandarsa ya koma tudu.

"To me ya sa aka cire sunansa?" na tambaya.

"Shi yac ce a cire. Mutanen gidan Manu sun fara raɗa, wai Audi ɗan Na-Tudu na, ba ɗan Jibo ba. Yac ce in sunanai ya zauna tsakanin Jibo da Audi, raɗar ga ba ta mutuwa. Yac ce a ɗauke shi daga baki, yaro shi tsaya kusa da ubanai."

Ta sake juya kifi. Sannan ta ce ta san shi da idonta. Duk kaka yakan zo da damin dawa a ka, tsoho gajere mai furfura, ya ajiye a ƙofar gida. Ba ya shiga zaure ko an yi masa rantsuwa, yana cewa zauren sarakuna ne. A waje yake zama, ita tana ƙarama ta hau cinyarsa, ya ciro mata saƙar zuma daga cikin ganye. Audi, Sarkin Jirgi guda da rawaninsa, yakan fito ya durƙusa a ƙasa ya gaishe shi. Da ya rasu 'ya'yansa suka ci gaba da kawo damin. Nan na tuna, muna yara akwai dawar da ake ce wa dawar tudu, ja ce, ana yi mana kunu da ita. Na sha ta ban san ta wane ne ba.

"Sunanai na gaske ko ni ban sani ba," in ji Gwaggo. "Baba Na-Tudu kawai. Yac ce a cire shi daga baki, Labbo, amma bai ce a ƙone filafilinai ba. Ubanka ya sani, ya tahi. Saura ni. In nit tahi, wanga icce ya zama iccen hura wuta."

Ban iya zama ba. Na rufe shago na hau mota zuwa Wara, daga nan na ari keke na yi ta tambaya ƙauye ƙauye, ina neman gidan da a da suke kai dawa Gungun Marke. Kwana biyu na yi. A wani ƙauye a gindin dutse aka nuna mini wani dattijo yana gyaran rumbu, sunansa Bitrus, shi ke jan addu'a a cocinsu. Da na faɗi daga inda nake sai ya sauko daga tsani a hankali, ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya sa aka kawo mini kunu a ƙwarya. Ya ga ina leƙa ciki.

"Sha, Malam, ba burkutu ba ne," ya ce yana dariya. "Ku mutanen ruwa da tsoro. Kakana ya ce a ruwa kaɗai kuke da zuciya."

Shi jikan Na-Tudu ne, ta wurin matar da ya aura bayan ya koma. Ya ce sunan kakansa Wakaso. Na sa ya maimaita sau uku, na rubuta, na karanta masa, ya ce haka ne. Na tambaye shi ko sun san kakansu ya yi sarauta. Ya ce sun san ya yi reno, ba su san ya yi sarauta ba. Abin da ya bar musu kawai shi ne, akwai ɗansa a tsakiyar ruwa, kada a ci sabuwar dawa ba a kai masa ba.

"Shekarar da ruwa ya zo ni na ɗauko damin," in ji Bitrus. "Na iso inda kwatar jirage take, babu kwata. Na duba inda gungu yake, babu gungu, sai kan itace ɗaya yana leƙowa. Na tambayi masunta, wannan ya ce an kai ku gabas, wancan ya ce yamma. Na zauna a kan damin har rana ta yi sanyi. Daga baya na ba wani mai jirgi na dawo. Tun ranar, duk shekara in na ɗaure dawa sai na ji kamar na bar wani da yunwa."

Na faɗa masa sunan sabon garinmu da hanyar da ake bi. Ban yi shawara da kowa ba na faɗa.

Da na dawo na wuce kwata wurin Yaya. Na same shi ya kwance injin jirgi, hannunsa duk baƙin mai. Na ba shi labari tun daga tabarma har gindin dutse. Bai katse ni ba. Da na gama ya goge hannu da tsumma ya ce:

"Na taɓa jin ƙishin-ƙishin. Labbo, kai ɗinki ka sani, ba ka san mutane ba. Gidan Manu shekara nawa suna jiran ƙofa? In ka kai sunan ga gaban hakimi, ka buɗe musu. Za su ce kakanmu ba ɗan gida ba na. Mutumin da kanai yac ce a cire shi. Kai ka fi shi sanin abin da ya dace? Rubuta takwas."

Ina so ku karanta abin da zan faɗa yanzu da kyau, don nan ne laifina yake, ba inda mutanen gari suke nunawa ba. Na dubi yayana, wanda ya goya ni ya ƙetare da ni ranar da aka tashe mu, na ce masa, "To." Ban ce zan yi tunani ba, ban ce raina bai kwanta ba. Na ce to, don ina jin tsoron fuskarsa.

Sati biyu suka rage. Na gama rigar, na yi mata aiki a wuya da zare mai ruwan ƙasa, ban taɓa ɗinka wadda ta kai ta ba. Takarda kuwa biyu na rubuta, ɗaya mai takwas, ɗaya mai tara. In na dubi mai takwas sai in ga tsoho zaune a waje da dami, an hana shi ko layi ɗaya. In na dubi mai tara sai in ce, kai Labbo, wa ya aike ka? Mutum ya roƙi a rufa masa abu, kai za ka tone, ka kuma jawo wa kakanka zagi a kabari. Na je wurin limaminmu na tambaye shi a kaikaice, ya ce shaida amana ce, ya kuma ce zumunci amana ne. Na fito da kaya biyu maimakon ɗaya. Abinci ya daina shiga. Innarku ta ce in ƙone ɗaya kowacce ce, in huta. Na kasa. Ranar da za a je gaban hakimi na sa mai takwas a aljihun dama, mai tara a na hagu.

Da safe ne, zauren hakimi ya cika. Dagacinmu yana nan, dattawan gari suna nan, mutanen gidan Manu a gefe guda da ɗan takararsu Sani, mu a gefe guda. An kawo Gwaggo an zaunar da ita a bakin ƙofa. Yaya bai sa sabuwar rigar ba, yana ajiyarta sai ranar naɗi. Aka kira gidanmu. Na tashi, na sa hannu a aljihun dama, na ciro mai takwas. Wallahi ita na ciro. Sai magatakardan hakimi ya miƙo mini biro ya ce:

"Malam Labbo, sa hannu a ƙasa, cewa abin da ke ciki shi ne iyakar abin da ka sani."

Iyakar abin da na sani. Na tsaya da biro a hannu har aka fara gyaran murya. Da cewa ya yi in sa hannu kawai, da na sa. Na ninke takardar na mayar, na ciro ta hagu, na sa hannu, na karanta da bakina. Na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan Jibo na ce, "Sai Wakaso, wanda ake kira Na-Tudu, ya riƙe wa Audi har ya girma, ya mayar masa." Ban dubi inda Yaya yake ba.

Abin da ya faɗa a kwata shi ya faru, bai kuskure ko kaɗan ba. Wani tsoho daga gidan Manu ya miƙe ya ce, "Alhamdu lillahi, yau ga shi daga bakinsu. Mun daɗe muna ji ga iyayenmu." Zaure ya kaure. Sai muka ji sandar Gwaggo tana bugun ƙasa.

"Ranka shi daɗe, a ba tsohuwa dama. Wata shida da rasuwar Jibo anka haifi ubana, gari duka ya ga cikin tun ana zaman makoki. Auren kuwa sai bayan yaye. Kai kuma Ɗan Manu, kakanka na cikin yaran da Na-Tudu yat tsamo ranar da jirgin albasa yak kihe. In ba ka sani ba, yau ka sani."

Tsohon ya zauna. Hakimi mutum ne mai natsuwa. Ya ce maganar asalin Audi ta mutu a zauren nan, duk wanda ya sake tayar da ita zai gamu da shi. Amma ya ɗage naɗin. Cikin makonnin da suka biyo baya dattawa suka rabu biyu, har aka daina gaisawa a masallaci. A ƙarshe aka ce gidanmu ya riƙe sau biyu a jere bayan Na-Tudu, gidan Manu ma 'ya'yan na farko ne, a ba su don gari ya lafa. Aka naɗa Sani. Ba zan zalunce shi ba, ya riƙe da kyau, bai taɓa barin jirgi ya tashi da lodin da ya wuce kima ba. Amma kowa ya san da na karanta takwas, da ba a kai ga wannan lissafin ba.

Filafilai suna bin rawani. Da mutanen gidan Manu suka zo ɗauka, suka zaɓi takwas suka bar gajeren a tabarma, suka ce wannan ba su san shi ba. Haka ya rage shi kaɗai a rufin zauren Yaya. Rigar kuwa matarsa ce ta kawo mini ita shago a ninke, ta ajiye a kan keken ɗinki, ta ce, "Ya ce a ba ka." Ba ta zauna ba. Daga ranar in na gaishe shi sai ya amsa wa iska. Na je gidansa sau bakwai, ana ce mini yana ruwa, alhali ina ganin takalmansa. Gwaggo ta rasu a shekara ta biyu. Kwana kaɗan kafin nan ta kama hannuna ta ce, "Ka sauke mini kaya ka aza ma kanka. Ban sani ba ko in yi maka godiya ko in ba ka haƙuri." A wurin jana'izarta ni da Yaya muka riƙe makara gefe ɗaya, kafaɗa tana gugar kafaɗa, bai ce mini komai ba.

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne, tun kakar farko Bitrus ya zo. Ya bi kwatancen da na ba shi, ya tambayi gidan jikokin Audi, aka nuna masa na Yaya. Ya ajiye damin jar dawa a ƙofa ya zauna a waje. Yaya yana ciki bai fito ba, sai ruwa aka miƙa masa. Shekara ta biyu ya sake zuwa, Yaya ya fito suka gaisa a tsaye. Shekara ta uku ƙafar Bitrus ta kumbura, a kan jaki aka kawo shi, ya sauka ya nufi inda ya saba zama a gindin bango. Matar Yaya ce ta ba ni labari. Ta ce Yaya ya tsaya yana kallonsa, sannan ya ce, "Baba, tashi mu shiga zaure." Bitrus ya ce a'a, an gaya musu nan ne wurinsu. Yaya ya ce, "Ba sauran sarki cikin zauren ga. In akwai, to kakanka na, ga shi can sama shi kaɗai." Ya kama shi ya shigar da shi, ya sauko da filafilin ya ɗora masa a cinya. Ta ce tsohon ya shafa mariƙin ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Wannan ai ƙotar gidanmu ce. Har yau haka muke lanƙwasa ta."

Bayan kwana huɗu ina shago na sunkuya ina zura zare, sai inuwa ta rufe ƙofa. Na ɗaga kai.

"Ina rigata?" in ji Yaya.

"Tana cikin akwati, Yaya."

"Na rame. Rage ta, ina da ɗaurin aure ran Juma'a. In ka gama ka same ni kwata."

Na tashi na auna shi. Na auna sau uku, bai hana ni ba. Washegari da hantsi na kai masa. Ya ce in shiga jirgi. Mu biyu kaɗai, ya tayar da inji muka yi tsakiyar tafki, har ya daidaita wani dutse na gabas da wata giginya ta yamma, sai ya kashe. Itacen marken da gungu ya ci sunansa ya daɗe da ruɓewa, ba abin da ake gani sai ruwa, amma na san a kan gidanmu muke. Ya jawo gajeren filafilin daga ƙarƙashin benci ya fara tuƙi. Jirgin ya juya hagu. Ya gyara zama ya sake, ya ƙara juyawa hagu. Yaya Ɗantani, wanda ba a taɓa ganin jirgi ya ƙi masa ba, sai ga mu muna zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke. Ya fashe da dariya, ni ma na kasa riƙewa.

"Da wanga abu yaƙ ƙetare Kwara shekara da shekaru?" ya ce. "Lalle mutumin ga ya sha wuya dominmu."

Ya ɗora filafilin a gwiwa. Dariyar ta tafi. Ya ce, "Ban ce ka yi daidai ba, Labbo. Har gobe ina jin rawanin ga a raina. Amma da ka ce mini a'a a kwata, da na zage ka, wataƙila in mare ka, shi ke nan ya wuce. To ɗin da kac ce mini, shi yay yi mini ciwo."

Na ce, "Na sani, Yaya. Ka yafe mini."

"Na yafe tun da nig ga tsohon ga kan jaki. Nauyin baki ya hana ni zuwa." Ya dubi ruwa. "Gwaggo ba ta nan. Jero su mu ji, kai ka iya ƙirga."

Na jero su a kan ruwan, da ƙarfi, yadda tsohuwar gida take yi. Da na zo kan Jibo na ɗan tsaya. Yaya ne ya faɗi na gaba da bakinsa.

Baffanku ya rasu ba a naɗa shi komai ba. Wannan ina ɗauke da shi, kuma har yau in na zauna shiru nakan koma zauren hakimi in tsaya da biro a hannu, in tambayi kaina. Wani lokaci amsar ta zo haka, wani lokaci ta zo haka. Ba na so ku yi gaba da gidan Manu, 'yan uwanku ne. Ko rawanin zai dawo gidanmu, wannan na Allah ne, kada ku bi shi da gudu. Abu uku kawai nake roƙo. In jikokin Bitrus suka zo da kaka, ku shigar da su ciki, ku ba su tabarma mai kyau, ku kuma ku riƙa hawa tudu kuna kai musu kifi, kada kullum su ne a hanya. In aka ce ku jero sunaye, tara ne. Filafilin kuma yana bayan ƙofar ɗakina, Yaya ya bar mini shi, ana shafa masa man kaɗe sau ɗaya a shekara. Na ji ɗayanku yana cewa a kai wa masassaƙi ya miƙe shi. Kada wanda ya taɓa. Haka mai shi ya sassaƙa shi, kuma a karkacen nan ya ƙetarar da mu.